Katin Sumana

Kobakwara, 9 ga Maris, 1986

Zuwa ga bawana Hamani,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da injin rubutunka da kujerar ofishin da aka ce ta fara yi maka tumbi. Mu nan lafiya, sai zafi. Mahaifiyarka, Gwaggo Dommo, ta ce in tambaye ka ko Yamai ta fi Makka nisa ne, tunda alhazai sun je sun dawo kai shiru. Matarka Zali ma lafiya, cikin ya shiga wata shida. Ba ta ce in gaishe ka ba, amma ta tsaya a bakin ƙofa har na fara rubutu, to ka ɗauka ta gaishe ka.

Maganar Sumana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na san kana ganin sunan za ka kawar da kai kamar ka yi karo da surukarka a hanya. Kawar, amma ka ci gaba da karantawa. Kai ne ɗan farinka yake yi wa nauyi a baki, ni ba ruwana.

Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin Gwaggo, yaron nan baya yake yi. Zawo ya tafi ya dawo, hannunsa ya koma kamar kara.

Ranar Talata motar ƙungiyarku ta zo awon yara. Na rataya ma'auni a reshen tsamiya, na jera mata kamar yadda na saba. Gwaggo ta zo da shi a goye. Madam Bibata, malamar asibitin da ke zuwa da motar, ta ce, "Iya, ke ce uwarsa?"

"Ni ce matarsa," in ji Gwaggo. "Wannan angona ne."

Mata suka yi dariya, ban da Madam.

"Sai wadda ta haife shi ta zo ta faɗi sunansa da bakinta, sannan in buɗe masa kati."

"Ta faɗi sunan ɗan farinta a gaban jama'a? 'Yar nan, wa ya raine ki?"

Aka kira Zali. Ta zo ta tsaya can nesa, ta ja mayafi. Madam ta ce, "Ɗanki ne?" Ta dubi ƙasa. "Yaya sunansa?" Ta dubi tsamiya. Sau uku ana tambaya, sai ta juya ta koma wajen dakanta. Madam ta ce a kawo na gaba.

Ka fi ni sanin abin da rashin kati yake nufi. Ba awo, ba garin kunu, ba allura, in abu ya tsananta kuma ɗakin yara masu tamowa na Doso ba ya karɓar yaron da ba shi da kati. Na bi gida gida na duba, 'yan fari goma sha ɗaya ne a garin nan ba su da shi.

Takardar dokar tana hannun Madam, na kuwa gane injinka, don harafin nan naka mai karyayyar ƙafa yana kowane layi. Tunda kai ka buga, ka san inda ake warwarewa.

Uwargijiyarka,
Mintu


Yamai, 2 ga Afrilu, 1986

Taubashiyata Mintu,

Na sami wasiƙarki, na yi murna da jin lafiyarku. Ki gaishe da Inna, ki ce mata in an yi hutu ina tafe. Ki gaishe da mutanen gida duka. Tumbin da aka ba ki labari ƙarya ne, riga ce.

Ke a aji shida kika tsaya, don haka bari in ba ki labarin da na karanta a ofishin nan, ko kya daina ganin mu miyagu ne. Aikin nan ba da mu aka fara shi ba. Bayan babban yaƙin Turawa, 'ya'yansu ne suka yi ta mutuwa da yunwa, aka riƙa kai musu madara a jirgin ruwa, kowane yaro kofi guda. Da nasu suka murmure, sai aka waiwayo mu. Kin tuna shekarar farin nan, muna yara, da aka kawo garin madara buhu buhu? Wasu suka ba 'yan maruƙa, wasu suka dama da ruwan tafki suka ba jarirai, aka yi ta binnewa. Mutanen nan sun yi shekara arba'in suna kuskure suna gyarawa kafin su kai ga katin da kike rainawa. Yanzu an gane ba rabon abinci ne aikin ba, sa ido ne. A auna yaro kowane wata, a ɗiga masa ɗigo a kati. Ɗigo ɗaya ba ya nuna komai, sai an sami biyu ake jan layi a ga ko sama yake yi ko ƙasa.

Dokar uwa kuwa mu muka jawo wa kanmu. Bara a wani gari an auna yaro ɗaya sau huɗu a bayan mata huɗu, kowace ta ce nata ne, aka buɗe kati huɗu saboda garin kunu. Labarin ya kai babban ofishinmu na ƙetaren teku, daga can dokar ta fito. Ta bi tebur bakwai kafin ta iso nawa, ni bugawa kawai na yi. Abin yana ba ni haushi, Mintu. Mutane sun taso daga wata duniya don 'ya'yanmu, mu kuma mun tsaya muna kallon tsamiya.

Game da yaron Inna, ku dama masa ruwan gishiri da sukari yadda aka zana a takardar da ke liƙe a makaranta. Wadda abin ya shafa kuma ta daure ta buɗe baki. Kalma ɗaya ce, ba za ta kashe ta ba.

Naki,
Hamani


Kobakwara, 15 ga Afrilu, 1986

Bawana,

Muna lafiya, Gwaggo ta amsa gaisuwa. Ta ce hutun naka tun tana da haƙora take jin labarinsa.

Na karanta tarihinka sau biyu, na gode da karatu. Na nemi sunan Sumana a ciki daga sama har ƙasa. Na ga Turawa, na ga jirgin ruwa, na ga 'yan maruƙa, na ga "yaron Inna", na ga "wadda abin ya shafa". Kai da kake zaune kai kaɗai a ɗaki, ba mai kallon ka sai injin rubutu, ka kasa rubuta sunan ɗanka da na matarka. Amma Zali, da surukarta a gefe da matan gari sittin a bayanta, ita ce za ta daure.

Na yi mata maganar. Ta ce, "Yaya Mintu, in na faɗa, da wane ido zan dubi Inna? Har in mutu za a ce ga wadda ta kira ɗan farinta a dandali." Na ce, "Kina kallon yadda ya koma?" Ta ce, "Ina kallo ta ƙasan ido." Kullum tana dama koko ta ajiye a bakin ɗakin Gwaggo kamar mantawa ta yi da shi. Iyakar abin da aka bar mata ke nan.

Motar ta sake zuwa ta tafi. Ina ɗiban garin kunun 'yata ina kai masa a ɓoye, amma ba ni da allura, ba ni da magani.

Na tsare Madam Bibata bayan awo. Ita ma 'yar ƙasar nan ce, ta san komai. Ta ce, "Ni ma ban taɓa kiran tawa ta fari ba, Mintu. Amma in na buɗe kati ba bisa doka ba, mai duba aiki ya gano, za a ɗauke motar daga garinku gaba ɗaya." Sai ta nuna mini layi na ƙarshe a takardar, wanda kai ma ka buga ba ka karanta ba. Idan uwa ba za ta iya zuwa ba, uba yana iya cike takardar wakilci da hannunsa, ya rubuta sunan yaro da na wadda ke riƙon sa, shugabar ofis ta buga hatimi. Takardun suna ofishinku, shugabar kuma tana bayan ƙofar da ke kusa da teburinka.

Awo na gaba sha uku ga Mayu ne. Ka ba direba ya taho da ita.

Mintu


Yamai, 22 ga Mayu, 1986

Taubashiya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri. Manyan baƙi ne suka zo daga ƙetare duba aiki, mako uku muna buga rahoto da wanke ofis, har tukwanen fure aka aro.

Kina magana kamar ɗaukar takarda a ba direba ne kawai. Sau biyu ina shiga wurin Madam Anika, shugabarmu, da takardar a hannuna. Ba ta buga hatimi sai ta yi tambaya, kuma sakatarenta ɗan garin su Zali ne, yana zaune yana jin komai. Karo na farko ta ce, "Hamani, kana da yara?" Na ce akwai wani yaro a wajen mahaifiyata. Ta ce, "Ƙaninka?" Na yi shiru, ta ɗauka e na ce, ta ce to ai mahaifiyar taka ta kai shi da kanta. Karo na biyu na tarar tana rubuta jawabi kan cewa ba yaron da za a bari a baya, sai ta miƙo mini in buga mata. Na fito da jawabi da takarda duka biyun.

Kar ki ce ban damu ba. Ba na iya cin abinci. Amma ni a gidan da aka haife ki aka haife ni, Baba har ya rasu bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa Yaya Saini ba, kuma Yaya Saini ya girma. Ina neman hanyar da za a yi ba tare da an tsaya ana tambaya ba. Ki ba ni labarin jikin nasa.

Hamani


Kobakwara, 4 ga Yuni, 1986

Hamani,

Lafiya muke. Ruwan farko ya sauka, an fara shuka. Cikin Zali ya tsufa, ba ta iya sunkuyawa.

Direba ya zo hannu wofi, na tsaya a gindin tsamiya kamar wawiya ina tambayarsa ko ya duba aljihu.

Ka tambayi jikinsa. Zawon ya tsaya. Gwaggo tana ta murna, wai angonta ya yi ƙiba, kumatu sun fito, ƙafafu sun cika har awarwaron da ta sa masa ya matse. Ta yi sadakar kopto, wato kwaɗon ganye, saboda haka. Ka karanta wannan da kyau, kai da ka buga littafin koyar da mu.

Awo na gaba goma ga wata. Ina jira.

Mintu


Yamai, 8 ga Yuni, 1986

Uwargijiyata,

Alhamdu lillahi. Wasiƙarki ta sauke mini dutse daga ƙirji, yau na ci tuwo har da ƙari. Ba na faɗa miki ba? Yaye ne kawai, kowa ya bi ta nan. Ki ce wa Inna hannunta yana da albarka.

Duk da haka ga takardar. Na dace Madam Anika tana saurin tafiya taro, na cusa ta cikin wasu, ta buga hatimi ba ta duba ba. Na sa hannu, na rubuta sunan Inna. Gurbin sunan yaro na bar miki, ki cike, rubutunki ma ya fi nawa kyau. Tunda ya samu sauƙi, ko ba a yi a wannan watan ba sai na gaba.

Kin ga an yi ba tare da kowa ya ji kunya ba. Wani lokaci bawa ya fi uwargijiyarsa dabara.

Hamani


Kobakwara, 11 ga Yuni, 1986

Hamani,

Muna nan da rai. Yau ba ni da wasa.

Na ce ka karanta da kyau, ka karanta abin da kake son ji. Ba ƙiba ba ce, kumburi ne. In na danna yatsa a ƙafarsa, ramin yana nan har in gama ƙirga goma. Gashinsa ya yi ja yana zuba. Ba ya kuka, ba ya wasa, in an miƙa masa koko sai ya juya kai. Hoton yana shafi na tara a littafin da ka buga, da harafinka mai karyayyar ƙafa a ƙarƙashinsa. Ban fito fili na rubuta ba ne don Gwaggo tana zaune a gabana, ta ce in karanta mata abin da na rubuta kafin in naɗe.

Takardarka kuma, na cike gurbin kamar yadda ka ce. Madam Bibata ta ɗaga ta ta duba, ta ce, "Hannu biyu ne, Mintu. Wannan naki ne, kullum ina ganin sa a littafin awo. Irin wannan suke nema su kama." Na roƙe ta har na durƙusa. Ta danna ƙafar yaron da kanta, fuskarta ta canza, ta ɗauko maganin da ke jakarta ta ba mu. Ta ce a kai shi Doso yau. Na ce da wane kati? Ta aika a kira Zali, aka ce ciwon mara ya kwantar da ita. Madam ta zauna jira har direba ya fara danna oda, saboda akwai gari biyu a gabansu kuma hadari ya haɗu.

Haruffa shida ne, Hamani. Ka rubuta mini tarihin shekara arba'in, ka kasa haruffa shida.

Ka ɗauki wata takardar ka cike da hannunka, ko ka taho da ƙafarka. Ruwa ya fara cin hanya.

Mintu


Yamai, 3 ga Yuli, 1986

Mintu,

Sai jiya wasiƙarki ta iso, ta yi mako uku a Doso saboda gadar da ta karye. Na karanta a tsaye, na buɗe shafi na tara, na zauna a ƙasa.

Na shiga wurin Madam Anika ban ƙwanƙwasa ba, sai na tarar ta tafi ƙasarsu hutu, hatimin yana kulle a akwatinta har ƙarshen wata. Na gaya wa mataimakinta komai, har da 'yan fari goma sha ɗaya. Ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, ba su taɓa jin wannan al'ada ba, in rubuta rahoto a aika babban ofis, wataƙila a duba dokar a taron baɗi. Na ce yaro ne yake kumbura yau. Ya ce ya fahimta.

Na nemi izinin tafiya, an ce sai na gama buga rahoton wata shida, ranar Asabar. Ina gamawa zan taho, ko da ƙafa ne daga bakin gada. Ki riƙe mini shi.

Hamani


Doso, 6 ga Yuli, 1986

Hamani,

Ban sani ba ko wannan za ta same ka a Yamai ko za ku saɓa a hanya. Zali ta sauka lafiya ranar sha tara ga watan jiya, mace. Gwaggo tana nan tare da ni.

Motar ta samu ƙetarowa ta hanyar daji ranar Talata. Zali tana cikin jego, ba a ma yarda ta fito tsakar gida ba. Ina rataya ma'auni sai na ga mata suna darewa. Ita ce, da jaririya a ƙirji, ba mayafi. Ta wuce wurin Gwaggo ta kwance yaron daga bayanta, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta kai shi teburin Madam. Ba a ma tambaye ta ba ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi. Sunansa Sumana."

Wata ta ce, "A'a, yau mun ga ƙarshen duniya." Gwaggo ta juya ta ce, "Ke rufe mana baki." Kafin a tashi, mata uku sun koma gida sun ɗauko nasu.

Da ta faɗi sunan, yaron bai waiwaya ba. Bai san muryarta da wannan sunan ba.

Madam ta buɗe kati. Na sa shi a wandon awo na rataya, na karanta mata nauyin, ta ɗiga. A motar aka taho da mu Doso, ni da Zali da Gwaggo. Sun karɓe shi nan take, sun yi iyakar ƙoƙarinsu, likitan ya ce da an zo wata guda da ya wuce. Ya kwana biyu. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa. An binne shi a nan.

Zali ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ka san ba a yi wa na fari. Amma jiya na same ta a bayan ɗakin asibiti tana ta faɗin sunan a hankali, kamar mai biyan karatu.

Ba na zagin ka, bawana, na gaji. Na yi fushi da Madam, na yi da ofishinku na ƙetaren teku, na yi da Gwaggo, na yi da kaina da ban fito fili na rubuta kumburi ba. Kowa yana son yaron nan.

Ga katin a cikin ambulan. Ɗigo ɗaya ne a kai, ka ce ba ya nuna komai. Sunan da ke sama rubutun Madam ne, daga bakin Zali. Da ta zo layi na biyu ta tambaye ni sunan uba, na ce ta bari. Gurbin yana nan, ka cike.

Mintu